Kwalbar Fitila

Daren Laraba, shekara ta biyu da ruwan Kainji ya tashe mu

Sakamakon awon ruwan rijiyarmu ya iso yau. Malamin awo ya tara mu gindin tsamiya, ya ce a ɗakin bincikensu suna tsamo mai daga cikin ruwa, su rarrabe shi dangi-dangi, har su san na inji ne ko na gyaɗa. Namu, in ji shi, kananzir ne. Ran Asabar za a toshe rijiyar da siminti, ita kaɗai gare mu.

Kafin ya rufe baki idanu sun koma kan Audu, mai sayar da kananzir kusa da rijiyar. Wani ya ce, "To Audu, saura ka ƙyasta mana ashana." Audu ya dube ni ya ce, "Baba, kai ka san ni, faɗa musu." Na gyara zaman hulata, na kau da kai.

Ni aka ba kwalbar gwamnati in ɗebo ruwan da aka auna. Ta suɓuce mini a bakin rijiya, ta fashe. Kunya ta hana ni faɗi, sai na ɗauki wadda uwargida ke ajiye man fitila, na wanke da toka sau uku, na shinshina, ban ji komai ba. Ashe na'urarsu ta fi hancina.

Malamin zai kwana gidan hakimi, jirgin ruwan safe zai bi zuwa Yelwa. Tunda gemuna ya yi fari ba a taɓa yi mini dariya a dandali ba. Gobe za a yi. Na ce wa uwargida ta tashe ni kafin assalatu in riski malamin, in kuma na ce ciwon bayana ya motsa, kada ta yarda.