Zanen Gidanmu a Fuskar Baƙuwa

Gindin Dutsen Yatsu Biyar, uku ga watan takwas

Hailan, ɗiyata,

Ajiye abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu, ko wankin otal ɗin ne bar shi ya jiƙa. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yara, amma ba gaisuwa ta sa na zaunar da Kawunki Yade da biro ba. Ɓarna na yi.

Baƙi biyu suka zo, miji da mata, 'yan birni daga can arewa, ƙetaren teku, irin masu zuwa kallon daji. Ruwa ya cinye hanya, suka kwana huɗu a gidana. Mijin matsattsaku sun sha masa ƙafa, yana ta tsalle kamar an taka wutsiyar kare. Na gasa musu shinkafa cikin gora, na buɗe tulun kifi mai tsami. Shi da ya sansana sai ya ce wa Yade wai ya ƙoshi. Ita kuwa, Shufen sunanta, ta ci ta ƙara har da siɗe yatsa. Ta bi ni rafi ɗibar katantanwa, ta zame sau biyu tana dariya.

Rana ta uku ta zauna gabana tana kallon zanen fuskata, ba irin kallon masu ɗaukar hoto ba. Ta ce Yade ya tambaye ni ko da zafi. Na ce da zafi. Ta ce na mene ne? Na ce da shi kakanni ke gane 'yar gida in ta mutu, wadda ba ta da shi sai ta tsaya a waje. Sai ta miƙo mini fuskarta. Hailan, ban san abin da ya shiga kaina ba. Na lakato baƙin tukunya na zana mata. Na gidanmu fa, duka, har layin da ke sauka daga kunne zuwa haɓa. A gaban murhu, inda kakanni suke gani.

Jiya direban motar da ta kai su ya ce suna isa Haikou ta yanke jiki ta faɗi a tasha, tana asibiti. Kin gane? Sun gan ta. 'Ya mace ɗaya gare ni, wuri ɗaya suka ajiye, na ɗauka na ba baƙuwa, ga shi har sun fara kiranta. In ta tafi na kashe 'yar mutane, ke kuma ranar da taki ta zo ki tarar an zauna miki.

Yade ya sa sunan masaukinsu a ƙasa. Ki nemo ta. Ki wanke mata fuska da ruwan shinkafa sau uku, ki faɗi sunan ubanta da ƙarfi, su ji ba tamu ba ce.

Ki zauna lafiya,
Innarki

(Hailan, Kawunki ne. Na gaya mata kifin ne. Ni kaina shekara arba'in ina cinsa don kunya.)


Haikou, goma sha ɗaya ga watan takwas

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Kawu. Mu nan ƙalau, yara suna makaranta.

Wasiƙa ta zo. Inna, baƙin tukunya ne. Kafin ta hau mota ma gumi ya wanke shi. Wanda bai saba ba, ya ci kifin da ya yi wata guda a tulu, ya sha jijjigar mota tun safe har yamma, dole ya faɗi. Babu wanda ke kiran kowa. Zan je ranar hutuna tunda kin ce, amma ba zan tsaya cikin mutane ina ihu da sunan uban wata ba.

Abu ɗaya nake so Kawu ya karanta miki a hankali. Ina 'yar shekara tara na shafa baƙin tukunya a kumatuna don in yi kama da ke. Kika mare ni, kika dirje mini fuska da toka har ta yi ja. Ba ki taɓa ce mini don me ba. Shekara talatin da biyar ina ɗauka fuskata ce ba ta isa ba. Yau baƙuwar kwana huɗu ta ci kifi ta siɗe yatsa, kin zana mata duka har haɓa.

Ki riƙa shan maganin ƙafarki.

'Yarki,
Hailan


Gindin Dutse, ashirin ga watan takwas

Hailan,

Ina gaishe ki. Ba Yade ke rubuta wannan ba. Na lallaɓa wurin Malama Rong mai allura, don akwai maganar da ba a yi gaban namiji, balle mai baki irin nasa.

Ina da ƙanwa, Bairan. Ba ki san ta ba, don ba a kiran sunan wadda ta tafi da rabin zane. Ina shekara sha uku tana sha biyu, rana ɗaya aka kwantar da mu don a yi mana zane. Ƙayar daji ce, ana buga ta da ɗan itace, ana shafa baƙi a ramin. Ni aka fara yi wa. Ina kuka tana ce mini raguwa, wai in nata ya zo har waƙa za ta yi. Bairan ba ta san shiru ba, in ta ji magana a rafi kafin ta iso gida duk ƙauye ya ji. Aka yi mata ɓari ɗaya. Fuska ta kumbura, zazzaɓi ya shiga. Kwana shida ina riƙe da ƙafarta, a na bakwai ta yi sanyi.

Da hukuma ta hana zanen, tsofaffi suna ta kuka, ni kuwa na shiga gonar rogo na yi dariya ni kaɗai. Ranar da na gan ki da baƙi a kumatu, Bairan na gani. Hannuna ya riga bakina. Bakin nan bai iso ba sai yau. Ki yafe mini.

Amma tsoro bai bar ni ba. Na tsare miki fuska a nan, na rufe miki ƙofa a can. A da na yi dabara, na ce in na riga ki ba zan shiga ba, zan zauna a waje in jira ki, in ce musu tawa ce. To yanzu wuƙa ma nakan manta inda na ajiye ta. In na manta fuskarki fa?

Baƙuwar nan ta ɗaga haɓa ta rufe ido, daidai yadda kike yi in ina taje miki kai. Ke na zana wa, Hailan. Hannuna ya daɗe yana so.

Malama Rong ta ce in bari haka nan, hawayenta na ɓata takarda. Ki je wurin yarinyar nan, kin ji?

Innarki


Haikou, ashirin da tara ga watan takwas

Innata,

Ina gaishe ki da kyau. Kawu, ka karanta mata wannan da murya sama.

Na same su a masaukin, an sallame ta tuntuni. Ciki ne, Inna! Wata biyu, ita ma ba ta sani ba sai da ta faɗi. Duk abin da ta sa a baki sai ya dawo, abu ɗaya take nema, kifinki. Mijin ya zaga kasuwannin Haikou yana toshe hanci, duk wanda ya kawo ta ce ba shi ba ne.

Na wanke mata fuska da ruwan shinkafa sau uku. Na faɗi sunan ubanta da ƙarfi har mai shara ta leƙo. Shufen tana ta dariya, da na gaya mata dalili sai ta ce in ce miki ta mayar da abin da ta ara.

Mijin ya ɗauke ta hoto ranar da kika zana mata, ya nuna mini. Na daɗe riƙe da shi. Ban taɓa ganin zanen gidanmu a fuskar da ba ta tsufa ba.

Ina zuwa bikin cin sabuwar shinkafa. Kada ki wanke gindin tukunya. Ƙaya dai ban yarda ba, amma zan zauna gaban murhu ki zana duka har haɓa, in wuni da shi su kalle ni su ƙoshi. Ki tanadi tulu ɗaya na kifi, direba zai kai mata.

Taki,
Hailan


Gindin Dutse, shida ga watan tara

Hailan, ɗiyata,

Gaisuwa. Yade ya karanta mini sau uku, ya ce na huɗu sai na ba shi giyar shinkafa. Ya ce wai baƙin tukunya wankewa yake yi. Na ce rubuta abin da aka ce maka, tsohon banza. Kakanni ba sa mantuwa, gani ɗaya ya ishe su.

Hannuna yana rawa yanzu, in layi ya karkace kada ki yi dariya.

Kada ki gaya wa kowa tukuna, ko mijinki. Yade ma na sa ya rantse zai kama bakinsa. Ana fara kai sunan yarinya gaban murhu kafin a taɓa fuskarta, kuma na san wadda zan fara kira. Shekara sittin da ɗoriya tana tsaye a waje da rabin zane, duk mai zuwa ita yake fara tararwa. In ta ji, kafin rana ta faɗi duk na ciki sun ji.

Bairan za a fara gaya wa.

Innarki