Kili Ya Daina Shan Sukari

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin da ya riƙe ka nesa da mu. Mu nan lafiya lau. Mama ta samu sauƙin ciwon gwiwa, har tana zagaya tsakar gida ba sanda.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Kili, dokin marigayi Baba. Ka san ya haura shekara ashirin da biyu, amma abin da nake gani ya wuce tsufa. Zafi ya shigo, gashinsa bai zube ba, sai ma tsawo da ya ƙara yana nannaɗewa kamar na tunkiya. Bayansa ya lotsa daidai inda sirdinka yake zama, ciki ya sauko. Bokiti uku yake shanyewa a wuni, barga kullum a jiƙe take da fitsari. Ranar Talata na ga ya tsaya ya jingina nauyinsa baya, yana tsoron taka ƙafafun gaba. Ganin haka sai na kira likitan dabbobi.

Likita ya taɓa kofatan, ya ce da zafi. Yana zargin wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ce ta rikice, ita ce ke hana jiki sarrafa zaƙi yadda ya kamata. Ya ɗebi jini, sakamako sai bayan mako biyu. Kafin nan ya hana hatsi, ya hana ɗanyar ciyawa, ya hana duk wani abu mai zaƙi. Busasshiyar ciyawa kawai, ita ma sai na jiƙa ta awa guda na tsiyaye ruwan, in ba shi kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ya ce in an kiyaye zai iya ƙara shekaru, in kuwa kofatan suka lalace babu sauran dabara.

Ashe ɓarawon a cikin gida yake. Shekaranjiya da hantsi na kama Mama a bakin barga, ta buɗe tafin hannu, Kili yana lashe sukari. Na yi faɗa, Allah ya yafe mini. Ba ta musa ba. Ta ce shekara ashirin Baba yana ba shi haka kowace safiya, kuma tun rasuwarsa dokin ke shinshina gefen zanenta, ita ba ta da zuciyar hana shi. Muka zauna kan buhun dusa muka yi kukanmu. Yanzu yankan kokwamba take kai masa. Yana karɓa, ya tauna, ya bi ta da kallo kamar wanda aka cuta a ciniki.

Jiya na kunna masa saƙon muryar da ka turo, wanda ka yi fito a ƙarshe. Yaya, ya bar cin abinci, ya miƙe kunnuwa, ya yi 'yar haniniya. Sai ya zagayo bayana yana leƙa ƙofa. Ya daɗe a tsaye a wurin. Ban sake kunnawa ba, na ga kamar yaudararsa nake yi.

Shekara shida ke nan rabonka da gida. Ban ce ka bar aikinka ba, amma zumunci a ƙafa yake. Likita ya ce hawa ya ƙare masa, sai dai a riƙe igiya a taka da shi a hankali. Ni ina yi, yana bina don dole. Ka zo ko na mako ɗaya ne, tun yana iya takowa zuwa bakin ƙofa ya tarye ka.

Mama tana sa maka albarka. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara, musamman takwarar Mama da har yau ban ɗauka ba.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta