Shatin Yatsun Ok-bun a Randar Ƙarshe

Sunchang, 
ƙarshen watan Oktoba.

Zuwa ga Yayata Mal-sun,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Gil-yong, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigida da yara. Ya gwiwar taki? 'Yarki Mi-ra ta ce an yi aikin lafiya, sai dai kina ta yi wa likitoci gardama. Shekara arba'in kina ba marasa lafiyar Jamus umarni, yanzu sai ki daure ki bi na wasu. Allah ya ƙara sauƙi, ya miƙar da ke kan ƙafafunki. Mu nan lafiya lau, in dai ana ce wa mutum ɗaya mu. An yanke shinkafa, kanyar bayan gida ta nuna har tana zuba, tsuntsaye ne kawai ke sha. Na san za ki ce me ya hana ni buga waya. Maganar ce in na fara ta da baki ba zan kai ƙarshenta ba.

Kin tuna matata Ok-bun ta rasu saura mako biyu a jiƙa daddawar waken bana, kuma gidan da aka yi rashi ba ya ɗora sabuwa a shekarar. Randa biyu ta bar mini. Ta farko ta ƙare da damina. Ta biyun ina buɗe mata murfi ta sha rana, in rufe kafin ruwa, amma ban taɓa ɗaga ƙyalle da gishirin da ta shimfiɗa a samanta ba. Sai ga ɗanmu Tae-hwan ya bugo, wai shi da matarsa Hye-rim za su zo bikin kaka da haƙarƙarin saniya a gasa, kuma wai kada in wahalar da kaina, za su sayo kwaɓin dangwala nama a kanti. Raina ya ɓaci. Na ce masa a gidan uwarsa ba za a dangwala nama a robar kanti ba ina raye.

Ana gobe za su zo na kwashe gishirin, na ɗaga ƙyallen. Yaya, hannunta ne a wurin. Kin san yadda ake danne daddawa da tafin hannu bayan an cika randa, don kada iska ta shiga. To dannawarta ta ƙarshe tana nan kwance a tsakiya, tafi da yatsu biyar, har da ƙaramin yatsan nan da ya lanƙwashe tun da lauje ya yanke ta shekarar da muka yi aure. Na tsaya da ludayi a hannu, sannan na zauna a kan dutse. Da na samu kaina sai na ɗiba ta gefe, na yi ta ƙwaƙulowa daga jikin randar har na yi rami, ban taɓa tsakiyar ba.

Shekara arba'in da shida ina kallon matar nan tana haɗa kwaɓin, ashe kallo kawai nake, ban ga komai ba. Na sa daddawa cokali uku, na jan barkono ɗaya, dakakkiyar tafarnuwa, lawashi, man riɗi da soyayyen riɗi. Gishiri ya kusa cire mini harshe. Na ƙara zuma, ya koma alewa. A karo na uku na tuna tana murje awara a ciki, wadda ni duk zatona don ya auku take yi, har na sha yi mata tsiyar rowa. Ashe ita ke kashe kaifin gishirin. Ɗaya abin dangwalawar kuwa, man riɗi da gishiri da masoro, wannan ko ni ban isa in ɓata shi ba.

Da suka zo muka hura gawayi a tsakar gida. Tae-hwan ya naɗe nama a ganyen latas, ya lakato kwaɓin, ya tauna, ya tauna. Sai ya tashi wai zai duba tayar mota. Tayar nan ta ɗauke shi minti ashirin. Hye-rim, baiwar Allah, ta ce Baba ko za a ɗan sam mana daddawar mu tafi da ita Seoul, har ta ɗauko kwano ta nufi randunan. Na daka mata tsawa, na ce kada wanda ya taɓa mini randa. Yarinyar ta ajiye kwanon, ta ba ni haƙuri a kan laifin da ba ta yi ba. Ni kuwa ban yi mata bayani ba. Washegari kafin azahar suka kama hanya saboda cunkoso, gidan ya koma tsit, ni da kwanukan wanke-wanke.

Mako uku na bar ramin nan a buɗe. Kullum da safe in fito da shayina, in ɗaga ƙyallen, in gaya mata abin da ke akwai: wane ya sayar da gona, wane an kai shi gidan tsofaffi. Ba zan ɓoye miki ba, Yaya, tun Janairu wannan ce hira mafi tsawo da nake samu. Na gwada ɗaukar hoton da waya, ba abin da ya fito sai taɓo-taɓo ruwan ƙasa.

Sai maƙwabciyarmu, tsohuwar nan 'yar garin Namwon da kika sani, ta zo aron kwando ta same ni a kai. Ta leƙa, ta shinshina, ta wanke ni tas. Wai kai Gil-yong, furfurar taka ta ado ce? Wai ko jaririn jiya ya san in an ɗibi daddawa sai an danne an shafe. Ta nuna mini ramin, fumfuna ta cika shi, farar ta fara komawa kore tana tafiya ƙasa. Ta ce nan da kwana goma sai dai in zuba wa kaji, kuma ko kajin sai masu haƙuri. Sannan ta tuna mini cewa baɗi da wannan za a cuɗa sabuwa don ɗanɗanon gidan ya ɗore, wanda Ok-bun ta karɓa daga hannun Innarmu. Na nuna mata tsakiyar. Ta goge hanci da gefen zane. Ta ce ta gani, amma Ok-bun ba don a yi kallo ta danna ba, don kada ta lalace ne. Ta ce in ba zan iya ba ita za ta yi mini. Na ce a'a.

Kwana biyu ina kewaya randar kamar mai bin kazar da zai yanka. Ranar Laraba da safe na wanke hannu, na kwashe fumfunar da cokali, na zubar. Na ɗora tafina daidai kan nata, yatsa kan yatsa. Nawa ya rufe nata gaba ɗaya. Na ba ta haƙuri, na danna, na shafe har ramin ya cike. Na yi kuka, Yaya, irin wanda ban yi ba ranar jana'iza.

Daddawar ta tsira. Na cika wa Hye-rim kwanonta na aika da takardar ban haƙuri. Taki tana hanya, na naɗe ta da leda uku don kada ma'aikatan gidan waya su tsine mini. Ki rubuto mini yadda Inna take auna ruwan gishiri, don baɗi ni zan ɗora, kuma ke kaɗai kika rage da zan tambaya.

Ki gaishe mini da maigida Reinhard, da Mi-ra da mijinta, da jikanki Jonas. In kin ci, kada ki gaya mini ta yi daɗi don ki faranta mini. Har yanzu ina buɗe randar kowace safiya, sai dai yanzu hannuna nake tararwa a ciki.

Ƙaninki,
Gil-yong