Kayan Gola Ɗaya, Gola Biyu

Litinin, 5 ga Agusta

Mun iso garin gasar hoki ta matasa ta ƙasa. Mata a ajin sama na wata makaranta, maza a ƙasa. Katifata warin ƙura take.

Ƙungiyarmu kayan gola ɗaya gare ta: hular kwano, safar hannu, katifun ƙafa. Gola kuma biyu, ni a ɓangaren mata, ƙanena Dogo a ɓangaren maza. Ni na fara shiga raga. Shi ɗauko min ƙwallo yake yi a bayan fili har ya koya. Yanzu ya fi ni tsawo, an manta.

Bana ce shekarata ta ƙarshe, baɗi na wuce shekarun. Kuma an ce masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo kallon wasan kusa da na ƙarshe.

Talata, 6 ga Agusta

Maza da safe, mu da rana. Dogo ya miƙo min kayan jiƙe sharkaf da zufarsa. Hular kuwa kamar kullum, ya buɗe maɗaurinta daidai ƙaton kansa ya bar ta haka. Sau nawa zan ce ya mayar min? "Yaya, mantawa na yi." Kullum mantawa.

Mun ci biyu da nema. Na tare gajeriyar kwana, bugun nan na kusa da raga, har sau huɗu. Koci ya ce 'yan bayanmu sun yi ƙoƙari.

Ni na wanke kayan. Wa kuma?

Laraba, 7 ga Agusta

Mun wuce, su ma sun wuce. Baba ya kira, ya ce in ba Dogo wayar.

Igiyar katifar ƙafar hagu ta fara tsinkewa daga ciki. Ni kaɗai na gani, tunda ni kaɗai ke juya ta in wanke.

Alhamis, 8 ga Agusta

Ruwa ya cika fili, an ɗage wasanmu na kusa da na ƙarshe zuwa gobe da safe. Lokaci ɗaya da na maza, fili biyu, shingen waya kawai a tsakani.

Na sani tun kafin Koci ya buɗe baki. Ya tara mu a baranda yana ta shafa gemu, wai doka ta yarda ƙungiya ta buga babu gola, a ƙara mutum ɗaya a tsakiyar fili. Wai bugun maza ya fi ƙarfi, ba za a bar musu raga a buɗe ba. Na ce to mu namu bugun auduga ne? Kyaftin ta taka min ƙafa.

Na zagaya neman aro. Waɗanda aka fitar sun kwashe kayansu sun tafi tun jiya. Waɗanda suka rage kowa da wasansa gobe. Wata mata ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ba a ba da aron hula.

Da la'asar Dogo ya hau sama, ya tsaya a bakin ƙofa yana wasa da yatsunsa.

"Yaya, in kin ce in bari, wallahi zan bari."

Ji wayo. Shi ba zai bari da kansa ba, sai ni na faɗa, in zama wadda ta hana ƙaninta ci gaba, Baba ya ji. Na ce ya sauka kafin in yi masa abin da zai ba shi mamaki. Ya sauka. Har da sauri.

Ban gaya masa zancen igiyar ba. Ba aikina ba ne.

Juma'a, 9 ga Agusta

Na zauna a benci da rigar wasa kamar mai jiran mota. Ragata a buɗe. Ƙwallon farko a hankali ta shiga, har ina jin ƙararta a jikin katako. Irin wannan da ƙafa ɗaya nake kore ta. Ban taɓa jin zafin abu haka ba.

Mutumin nan mai baƙin tabarau, wanda aka ce shi ke zaɓe, ya tsaya a filinmu kaɗan, ya leƙa ragar da babu kowa, ya wuce wajen maza. Baba ma can ya tsaya. Ashe ya zo.

Ba kallon Dogo nake ba, shingen ne ba ya kare komai. Kafin hutun rabin lokaci na ga katifar hagu tana reto, yana jan ƙafa, yana sunkuyawa yana lalube. Wawa, ta baya ake ɗaure ta. Ƙwallo ɗaya a ƙaurin nan ta ishe shi wata uku a kwance.

Ban san lokacin da na zagaya ba. Na zare igiyar takalmina, ai ba wasa nake ba, na durƙusa na ɗaure masa. Ya ce "Yaya". Na ce ya yi min shiru. Na koma benci ina jan takalmi.

An ci mu huɗu. Su sun ci, da ƙafar hagun ya tare ta ƙarshe. Mai tabarau ya ja shi gefe. Baba yana ta nuna shi ga mutanen da bai sani ba, "Yarona ne golan." Da ya gan ni ya ce, "Ke ba ki buga ba yau?"

Asabar, 10 ga Agusta

Sun zo na biyu. Ban je ba. Na gama da hoki, kuma wallahi hannuna ba zai sake taɓa kayan nan ba. Su ruɓe.

Lahadi, 11 ga Agusta

A mota ya zauna kusa da ni. Na yi barcin ƙarya har gida.

Laraba, 21 ga Agusta

Dogo ya tafi sansanin 'yan wasan ƙasa da safe. Can sababbin kaya za a ba shi. Ban fito ba, na ce kaina ke ciwo. Umma ta ce, "Ciwon nan naki ya san lokaci."

Da na buɗe ƙofa na ga jakar a jingine. Ya wanke kayan da kansa. Wankin banza, sabulu duk ya bushe a jiki, sai da na sake ɗauraye su. Don kada su lalace ne kawai, kayan ƙungiya ne.

Igiyar takalmina tana nan a katifar ƙafar hagu. Ko bai so kwancewa ba, ko ya kasa. Ɗaurina ne.

Kyaftin ta aiko cewa manyan mata suna atisaye ranar Asabar, ba su da gola. Ban amsa ba.

Hular na ɗauka zan rataye. Na ce bari in saka, in ga irin ɓarnar da ya yi wa maɗaurin wannan karon. Ta zauna daidai kaina, ban taɓa komai ba.

Na daɗe a cikinta. Da Umma ta leƙo ban cire ba, gara ta ga hula.