Malam Ya Huda Rufin Motarmu

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da maigida da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan Misfala ta Makka lafiya lau, sai zafi.

Yaya, hankalina bai kwanta ba. Motar nan da ta kawo mu, wadda har yau cikinta muke kwana, maigidana Malam ya sa bakanike ya huda rufinta ya ɗora na'urar sanyi, mukayyif suke ce mata nan. Wai tausayina yake ji. Shekara huɗu ina gasuwa, sai bana tausayin ya zo?

Kafin na'urar ta zauna sai da aka cire ƙarfen da muke ɗaura kaya a sama. Na ce, "Malam, ran komawa gida ina za mu ɗaura kayanmu da Zamzam?" Ya ce, "Ke dai sha sanyi." Kuma ba ta aiki sai an jawo waya daga kantin maƙwabcinmu. Motar da aka ɗaure da waya, ina za ta?

Ki gaida kowa, ku sa mu a addu'a. In Inna ta tambayi dawowarmu, kada ki ce mata bana.

Ƙanwarki,
Rabi