Marin da Na Fito da Shi daga Daji

Zuwa ga uwargida Asibi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida, da akuyar nan da ta fi ni daraja a wurinki. Ni da sauƙi. Likitan nan na birni ya ce ƙafar tana warkewa, bakin ne ba shi da magani. Tunda sabis na waya ya ƙi garinmu Randagi, sai ki yi haƙuri da rubutun wanda ya gudu daga firamare. Na san ɗanmu Sadisu ne ke karanta miki. Ya ɗaga murya, kada ya tsallake layi.

Jiya 'yarki Karima ta ce zaman ɗaki zai ruɓar da ni, ta kai ni wani tsohon kurkuku da aka mayar gidan tarihi. Ki ji fa, mutum ya fito daga hannun 'yan bindiga, yawon shan iskar da aka zaɓa masa kurkuku ne. Na ga dorina, na ga ankwa, na ga turu, gungumen nan da ake kafa ƙafar mai laifi a ciki. 'Yan birni suna zura ƙafa ana ɗaukarsu hoto, suna dariya. Aka ce in gwada. Ni na yarda, ƙafar ce ta ƙi.

Can ciki sai ga marin ƙarfe a cikin gilashi, an rubuta wai na mutanen da ne. Asibi, kamar uwarsu ɗaya da wanda aka ɗaure ni da shi a daji, wanda maƙeri ya yanke mini ranar da na dawo, kika tura ƙarƙashin gado. Ashe ni mutumin da ne ban sani ba.

Direban da zai kawo miki takardar nan ya faɗa mini 'yan sa-kai sun tsare Bakoji mai burodi, wai shi ya nuna wa ɓarayi gonata. Ya ce Sadisu ya kai marin nan nawa an gyara, zai sa wa Bakoji a tsakiyar kasuwa. Ni ban san ko Bakoji ne ba. Na dai ci burodi a daji, mai tauri kamar nasa, amma duk burodin ƙasar nan haka yake. Abin da na sani shi ne yadda ƙarfen nan ke cin nama, kuma wanda aka ɗaure a kasuwa ba ya komawa gida da ƙafarsa.

Sadisu, na san nan ne muryarka ta yi ƙasa. A kai Bakoji wurin 'yan sanda, alƙali ya bincika. Marin kuwa nawa ne, ni na sha wahalarsa, ban ba kowa aro ba. A aiko mini shi, gidan tarihi zan kai shi. In bai zo ba, zan bar magani in hau mota da wannan ƙafar, kuma ke Asibi kin san ni.

Ki gaida kowa. Naki mai ɗingishi,
Yusha'u

Zuwa ga Asibi,

Sallama da gaisuwa. Yaya jikinki, yaya ruwa? Saƙo ya iso, kuma ba direba ya kawo ba. Sadisu ne da kansa, da buhu a kafaɗa, fuska kamar an aiko shi karɓar gawa. Ya gaishe ni a taƙaice, ya ce Bakoji yana hannun 'yan sanda, babu wanda ya taɓa shi. Ban san wa zai karanta miki wannan ba, ki nemi mai haƙuri.

Muka tafi gidan tarihin, na sa babbar riga kamar mai kai kayan aure. Ma'aikacin, mutumin kirki, ya juya marin ya ce ba su karɓar sabo, sai abin da zamaninsa ya wuce. Ni da na ɗauka kyauta ba a duba mata shekaru! Na zauna a kujerarsa, na naɗe wando, na ce ba inda za ni. Ya kira na sama da shi. Shi ma na ba shi labarin daji tun daga farko, har da abin da bai tambaya ba. Da la'asar ta yi suka gaji, suka ce gilashi dai ba zai shiga ba, amma za su jefa shi ɗakin ajiya har ya tsufa. Na ce abin da na zo nema ke nan, ya tsufa a wurinsu, ba a ƙafar ɗan wani ba.

Sadisu ne ya ɗauka ya kai ɗakin da hannunsa. Har yanzu fushi yake da ni, amma da muka fito shi ya riƙe ni muka sauka matakala.

Muna tafe ranar kasuwa in Allah ya yarda. A wasa mini fartanya.

Mijinki,
Yusha'u