Ba a Sami Inna Ba

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara. Allah Ya kawo sauƙin gwiwar nan da ke damun ki. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Shago yana tafiya, injin hoto-kwafi yana cinye mini takarda kamar kullum. Matar Auta tana ƙoƙari, 'yarsa kuma ta shiga sakandare. Sau biyu na kira ki a makon nan da niyyar faɗa miki wata magana, duka biyun na ƙare da tambayar gwiwa. Shi ya sa na zauna na rubuta. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki yau, don maganar ba ta jira.

Kin tuna manhajar da marigayi Auta ya haɗa don koya wa yara karatu, wadda in yaro ya taɓa kalma sai murya ta faɗe ta? Muryar Inna ce. Shekarar da za ta rasu ya riƙa zaunar da ita a kujerar robar nan ta bakin ɗakinta, yana kara mata waya a baki, tana mitar ya mai da ita aku, ƙofa kaɗai sai da ta faɗa sau goma. Kalma ɗari shida da sha biyu ya ɗauka. Wayar da ya ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa. Dab da kwanciyarsa asibiti ya ɗora manhajar a intanet, wurin da masu aikin sa-kai ke ajiye nasu, kowa ya ɗauka kyauta.

Bayan rasuwarsa matarsa ta ba ni kwamfutarsa in shirya wa yarinyar don makaranta. Kin san halina da littafin da nake rubuta komai a ciki, wanda kuke tsokana ta da shi kuna ce mini akawun lahira. Na jera abin da zan kwafa a filashi: hotuna, takardu, jakar manhaja. Na kwafa, na duba sau biyu, na ja wa kowanne layi. Ranar Talata da sha ɗaya da rabi na kai wa mai gyara kwamfutar ya wanke ta tas, ya goge komai. Har na rubuta a ƙasan shafin cewa aiki ya kammala.

Makon jiya matar Auta ta kawo mini wayarsa da saƙon wata malamar firamare. Malamar ta ce tana so ta saka manhajar don ajinta amma ta ƙi shiga, ta haɗo da hoton abin da kwamfutarta ta rubuta. Layi ɗaya ne: wai ba a sami inna ba. Na ɗauko filashina na gwada a kwamfutar shago, ita ma haka ta ce. Mai gyara ya duba ya yi mini bayani a hankali. Auta bai ajiye muryoyin cikin jakar manhajar ba. Ya ware musu jaka daban a wani lungu na kwamfutarsa, ya sa mata suna inna, manhajar tana zuwa can ta ɗauko. Tun da a wurinsa kullum tana nan, bai lura cewa bai ɗora ta ba, bai kuma rubuta ta cikin jerin abubuwan da ake bukata kafin a saka manhajar ba. Na ga har wani ɗan sa-kai ya rubuta masa sau uku yana asibiti, na ƙarshe da wasa, yana tambayar wace ce wannan Inna, ina kuma ta ɓuya.

Yaya, da hannuna na kai ta aka goge. Matar Auta ta ce ba laifina ba ne, mai gyara ya ce ko shi da haka zai yi. Amma da na kunna manhajar sau ɗaya a wata kwamfutar kafin in ja layin nan, da na gani. Na duba jerina sau biyu, ban taɓa tambayar ko jerin ya cika ba. Yanzu ko kwafin takardar mutane na yi sai in tsaya ina ƙirga shafi har su gaji.

Jiya na koma tsofaffin littattafaina, na sami zuwanki na shekara biyu da suka wuce. Na rubuta cewa Auta ya saka wa yaranki manhajar a ƙaramar kwamfutarsu da hannunsa, suka yi ta danna ƙwai suna dariya don Inna ta yi tari a ƙarshen kalmar. Mai gyara ya ce in har ta yi magana a ranar, to jakar tana ciki. Kuma na tuna kin ce maigidan zai kai kwamfutar a wanke don ta yi nauyi. Don Allah kada ta fita daga gidan. Ban san ko na makara ba. Ki sa mata caji, ki buɗe manhajar, ki taɓa kowace kalma.

Ki gaishe mini da maigidan, da Babba, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Uwar yara da matar Auta suna gaishe ki. In kin taɓa kika ji shiru, ki turo mini saƙo kawai, zan gane. In kuma ta yi magana, ki kira ni, kada ki yi sallama, ki kara wayar kusa da ita.

Ƙaninki,
Akawu